Yadda na haɗa manyan ma'aikatan kamfaninmu a Legas

Kujerar farko da na nema wa mutum a kamfaninmu ta kuɗi ce, tun kafin ta injiniya da ta talla, kuma ko yau aka ce in sake daga farko nan ɗin zan fara. Bari in ɗan faɗi abin da muke yi tukunna don maganar ta zauna. Mu kayan gwari muke kawowa daga Arewa, tumatir da attaruhu da tattasai da albasa, muna kai wa gidajen abinci da otal-otal da manyan shaguna a nan Legas, su yi oda ta manhaja da daddare mu sauke musu da sassafe. Tumatir daga Kwanar Gafan da Kadawa da Ɗanja, albasa daga Aliero, ranar da lodinmu bai iso ba kuma mu cike a kasuwar Mile 12. A 2021 muka fara mu uku a wani ɗan shago a Ketu, ni da wani yaro haifaffen Agege da nake ce wa ƙanina duk da ba mu haɗa jini ba, sai wani ɗalibi da ya rubuta mana manhajar farko. Kafin mu ankara mun haura mutum arba'in, ga sito ga motocin rabo ga masu amsa waya, amma komai a wayata yake ƙarewa. Tirela ta yi faci a Mokwa ni direba zai kira, mai otal a Lekki ya buɗe kwando ya ga ruɓaɓɓe ni zai kira, ma'aikaci matarsa ta haihu ni zai kira, har dizal ɗin janareto sai nace a saya.

Canjin kuɗin farkon 2023 ne ya tona mana asiri. Manomi a Kadawa yace shi ba ya karɓar tiransifa, ƴan dako a Mile 12 suka ce tsaba ko su ajiye kaya, muka dinga bin ƴan POS muna sayen kuɗi da kuɗi, ana turawa ta asusun wannan ana cirewa ta na wancan don dai kaya kar su ruɓe a mota. Da ƙura ta lafa sai wasu masu son zuba jari suka ce mu kawo littattafanmu su gani, toh me za mu nuna musu? Ciniki akwai, riba ma muna jin akwai, amma ba mai iya ɗora yatsa yace ga ta nan.

Sai na shiga neman mai riƙe mana kuɗi. Ban buga talla ba, wani odita da na sani na roƙa ya turo min mutanen da shi kansa zai iya ba su makullin shagonsa. Duk wanda ya zo sai in miƙa masa takardar bankinmu ta wata ɗaya da littafin kasuwa na ƙanina wanda duk ya sha ruwan tumatir, in ce duba ka faɗa min me ka gani. Yawancinsu sai su hau lissafo min manhajojin akanta da za mu saya. Wata mata ce kawai, Bayarabiya amma a Sabon Garin Kano ta tashi Hausa a bakinta raɗam, ta juya littafin nan ta juya sannan ta ɗago tace "Oga, kwandunan da suke lalacewa tsakanin Kano da nan wa yake ƙirga su, kuma a wane shafi asarar take shiga?" Wallahi a nan na san na samu. Duk da haka ban tsaya a kan shaidar tsofaffin ogoginta ba, na nemi yaran da suka yi aiki a ƙarƙashinta na tambaye su, saboda oga zai iya yabon mutum don ya rabu da shi lafiya, amma wanda ya zauna a ƙasansa shi ya san halinsa ranar da abu ya ɓaci.

Madam, haka kowa yake ce mata har ni, ta fara da abubuwan da ba sa burge kowa. Harajin albashin ma'aikata da ake biyan hukumar harajin jihar Legas kafin 10 ga wata, fansho wanda dokar 2014 ta ce kamfani ya sa kashi 10 ma'aikaci ya sa kashi 8 da zarar kun kai mutum 15, takardun shekara na CAC, hukumar rajistar kamfanoni, duk ta jera su. Sannan ta yanka min albashi, ni mai kamfanin. Ran nan ana shirin bikin ƙanwata a gida na tura mata saƙo cewa ta sa min wasu kuɗi, ba ta amsa ba sai ga ta ta shigo ofis ta tura ƙofa tace "Oga zan tura yanzu, amma bashi zan rubuta a dinga cira a albashinka. In ba haka ba gobe mai sito ma zai zo da nasa bikin kuma ba ni da bakin hana shi." Nace rubuta. Kafin la'asar labarin ya zaga ofis, kuma daga ranar ba wanda ya ƙara zuwa mata da wasa a kan kuɗi.

Inda abin ya fi min nauyi shi ne ɓangaren aiki, wato saye da sufuri da sito da rabo, don nan ne ran kamfanin kuma nan ne ƙanina yake tun ranar farko. Yaron nan ya san Mile 12 ciki da bai, yana jin Hausa da Yarabanci da buroka, dillalai suna ba shi lodi a kan magana kawai ba takarda, in ya matsa tumatir da yatsa zai faɗa maka kwana nawa ya yi a hanya. Amma sito ya girma, motocin rabo sun yi yawa, kuma bayan an cire tallafin mai ranar 29 ga Mayun 2023 lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa kusan 500, duk motar da ta yi zagaye marar amfani tsakanin Ikeja da Ajah kuɗi ne yake ƙonewa. Masu zuba jari suka ce a kawo wanda ya taɓa riƙe rabon kaya a babban kamfani a ɗora shi a kan ɓangaren gaba ɗaya. Na yarda muna buƙatar irin wannan mutumin, abin da ban yarda ba shi ne a ɗora shi a kan yaron da ya kwana a bayan tirela saboda kamfanin nan. Ba tausayi ne kawai ba, lissafi ne ma, in ya yi zuciya ya tafi rabin amanar da muke ci a kasuwa ta bi shi.

Sai na raba ɓangaren biyu. Duk abin da ya shafi manoma da dillalai da farashi da lodi har mota ta tsaya a ƙofar sito, nasa ne, shi ne shugaban saye. Daga ƙofar sito zuwa kicin ɗin kastoma na sabon mutum ne. Ban bari ya ji a bakin wani ba, da daddare na ɗauke shi muka je wajen mai shayinsu a Agege na faɗa masa komai har da abin da masu kuɗi suka so a yi. Ya daɗe yana juya cokali a kofi sannan yace "Yaya, in dai ba cewa za a yi in dinga neman izininsa kafin in sayi kaya ba, ya zo. Ni ma lissafin motocin nan ya ishe ni." Nace ba wanda zai tsaya tsakaninka da kasuwa, amma kai ma in kaya suka shiga sito hannunka ya fita, ko yaronka ne ya yi laifi a can ba ruwanka. Yace ya ji.

Jin magana daban zama da ita daban. Sabon manajan mutumin kirki ne kuma ya san aiki, cikin ɗan lokaci ya sake tsarin hanyoyin rabo motocin da ke zuwa tsibirin Legas suna tsallake gadar Third Mainland tun kafin gosulo ya farka, amma shi komai sai da takarda, ita kuwa kasuwa a kan amana take tafiya. Wata rana a mitin yana ƙorafin an kawo kaya ba risit sai bakinsa ya suɓuce ya kira su yaran kasuwa da turanci, cikin wata murya da kowa ya gane me ake nufi. Ƙanina ya haɗe rai bai ce uffan ba. Ban bari an tashi a haka ba, a take nace wanda kake magana a kai shugaba ne daidai da kai a wannan teburin, ƙorafinka na risit gaskiya ne kuma za a gyara, amma kalmar ka janye ta. Ya janye ya ba da haƙuri. Bayan nan na sa shi ya bi ƙanina Mile 12 da asuba ya ga yadda ake sauke tirela, yadda farashi yake canzawa tsakanin sallar asuba da hantsi, ya ga in ka tsaya neman risit wani ya riga ka kwashe kayan. Shi ma ƙanina na sa ya kwana a sito ya ga abin da kwando marar lamba yake jawowa wajen rabo. Su biyun ne da kansu suka fito da maganin, a ɗauki hoton lodi da farashi a tura ta WhatsApp nan take, takarda ta biyo baya kafin azahar. Yanzu in ka gan su suna cin abinci tare ba za ka ce an taɓa yi ba.

Shugaban fasaha kuma wahalarsa kuɗi ce. Tun da Stripe ta Amurka ta sayi Paystack, kamfanin biyan kuɗi ta intanet na nan Legas, a Oktoban 2020 a kan abin da aka ruwaito ya haura dala miliyan 200, duk injiniyan da yake Yaba ya san darajarsa, ga masu tafiya waje ga masu zama a ɗakinsu a Surulere suna karɓar dala. Da aka saki naira kasuwa ta yanke darajarta a Yunin 2023 dala ta tashi daga wajen 460 ta haura 700, zuwa farkon 2024 ta kai 1,500, toh mai sayar da tumatir da naira ina zai iya wannan gasar? Abin da muke da shi kawai shi ne kaso a kamfani da kuma aikin da mutum zai ga amfaninsa da idonsa. Lauya ya tsara mana yadda aka saba yi, kason ba ya zama naka duka sai ka cika shekara 4, in ka tafi kafin shekara 1 ba ka da komai, in ka cika ta ka samu kashi ɗaya cikin huɗu sauran yana shigowa wata-wata. Wanda muka ɗauka ɗan Zariya ne da ya yi aiki a wani kamfanin biyan kuɗi, kuma abin da ya ja shi babansa manomin rani ne, ya san zafin a tara tumatir a bakin titi ba mai saye. Kowane shugaba na ba shi kaso a kan sharaɗi ɗaya, har ƙanina, wanda da na gama masa bayani yace "Yaya ni fa takarda ba ta sayen fili." Na ƙara masa albashi na kuma bar masa kasonsa, nace ka kai takardar gida ka ajiye inda kake ajiye ta aure.

Duk wannan ɗaukar mutane ne, kuma gaskiya shi ne ɓangare mai sauƙi. Babban aikin shi ne sakin iko. Ka ba mutum babban suna da ofis amma komai sai an jira ka, rawani ne ka naɗa masa ba gari. Don haka muka zauna mu biyar muka rubuta takarda shafi ɗaya tal, wane hukunci ne na wa. Farashin saye na ƙanina ne, ɗauka da sallamar direba na mai sito ne wato sabon manajan, wa za a ba kaya bashi da kwana nawa na Madam ne, abin da za a fara ginawa a manhaja na injiniya ne bayan ya ji ta bakin sauran. A banki ma muka canza, kuɗin da bai kai wani adadi ba sa hannun Madam da na shugaban ɓangaren ya isa, nawa sai ya haura. Ni abin da ya rage min shi ne masu zuba jari, sabon gari in za mu shiga, da su shugabannin kansu.

Mutanenmu ba sa karanta takarda, mai gida suka sani. Direba zai tare ni a bakin masallaci bayan Juma'a yace Alhaji ka sa baki an yanke min kuɗi, kuma na san yaransa na san halin da yake ciki, amma in na sa baki sau ɗaya shikenan na kashe mai sito a idon mutanensa. Sai in saurare shi har ya gama in ce muje tare wajen ogan naka ka faɗa a gabana, hukunci dai nasa ne. Wanda ya fi wuya shi ne dattawan kasuwa. Wani Alhaji da ya riƙe mu tun muna sayen kwando biyar ya kira ni yace "Ɗana, yaron nan naka ya ƙi farashina, kai nake so in ji." Kunya kamar ta kashe ni, mutumin nan sa'an babana ne. Nace Baba ka yi haƙuri, maganarsa ita ce maganata, ko ni na zo abin da zan faɗa kenan. Washegari na je rumfarsa na durƙusa na gaishe shi muka sha hira ban taɓo zancen farashi ba ko kaɗan, shi ma bai taɓo ba. Girmansa yana nan, hukuncin yaron ma yana nan. Haka ma masu turo ƴaƴa daga gida a ba su aiki, ba na cewa a'a, ina cewa ya kawo takardunsa ya zauna intabiyu da shugaban ɓangaren, kuma ba wanda zai yi aiki kai tsaye a ƙarƙashin ɗan'uwansa, har ni.

Mitin ɗinmu na shugabanni ranar Litinin ne da hantsi bayan motoci sun fita. Abu kaɗan muke dubawa, kwando nawa ya iso nawa ya lalace, oda nawa ta makara, bashi nawa ne a waje, kuɗin da ke asusu zai kai mu wata nawa. Doka biyu na kafa a kai. Ni ne na ƙarshen magana, saboda yadda aka tarbiyyantar da mu in babba ya riga ya faɗi ra'ayinsa ba mai musa masa, sai kowa yace haka ne Oga a tashi, kuma in haka za a yi me ya sa nake biyan mutum huɗu manyan albashi? Ta biyu kowa ya yi magana da yaren da ya fi iya kare hujjarsa da shi, don na lura in aka juya turanci zalla ƙanina yana yin shiru alhali shi ya fi kowa sanin abin da ake magana a kai. Yanzu sai ya zuba da Hausa Madam ta juya wa mai sito, kuma sau da yawa maganarsa ce take canza hukunci. Lokacin da tsutsar nan da manoma suke kira sharon ta sake faɗa wa gonakin Kano, shi ya fara ji daga bakin manoma tun kafin farashi ya motsa a Mile 12, Madam ta matse bashi, mai sito ya rage oda da za mu yi alƙawari, ni a mitin ɗin kawai na ji an riga an tsara.

Ba duka ne suka ɗore ba. Shugaban talla da muka ɗauko daga wani babban kamfani ya saba da kasafi mai kauri da yara masu yi masa zirga-zirga, mu kuwa cinikinmu a ƙofar baya ta kicin ake ƙulla shi da ƙarfe shida na safe da kuku da mai kula da sito, shi kuma can bai iya zuwa ba. Na zauna da shi na faɗa masa a fili, muka sa lokaci da abin da muke so mu gani, lokacin ya cika ba a gani ba. Na biya shi haƙƙinsa cif, na bari shi ya sanar da tafiyarsa da bakinsa, ba wanda ya ji wani abu na cin fuska daga wajena. Wata yarinya daga cikin masu amsa wayar kastoma ce take riƙon ƙwarya a wajen yanzu, ta san kowane kuku da sunansa da irin tattasan da yake so, kuma ina ganin kujerar tata ce in ta ƙara gogewa a lissafi, Madam tana zama da ita duk Laraba a kan haka.

Kujerar da ta rage ita ce ta kula da ma'aikata, don har yanzu rigimar hutu da rance da ƙarin girma tana yawo tsakanina da Madam kuma ba aikinmu ba ne. Wanda muke nema sai ya iya zama da direba da ɗan dako da injiniya kowa ya ji an fahimce shi, ya san me ake nufi da mutum yace zai je gida sallah ko an yi masa rasuwa a ƙauye kuma ya san dokar aiki. Muna kan intabiyu, ƙanina da Madam ne suke zaman farko, ni sai wanda ya tsallake su nake gani.